CS50 na Harvard: na yi shi tun daga Scratch har furojet, ga abin da na gani

Kusan duk sati sai wani daga cikin ƙannenmu 'yan kwamfuta sayans ya turo min saƙo a kan kwas ɗin nan, tambayoyin kuma ba sa wuce uku, Yaya wai da gaske kyauta ne, Yaya zan iya yinsa da waya, sai ta ukun wadda ita ce ma ainihin abin da ke ransu, wai ya fi abin da ake koya mana a makaranta ne. Na yi ta amsawa da murya har na gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa. Ba wanda ya biya ni, kuma ba a bakin wani na ji ba, da hannuna na yi shi daga satin farko har na ƙarshe.

Ga wanda bai san shi ba, CS50 shi ne kwas ɗin share fage na ilimin kwamfuta da Jami'ar Harvard ta Amurka take koya wa ɗalibanta. David Malan ne yake koyar da shi tun 2007, a 2012 kuma suka sake shi a intanet ta dandalin karatu na edX, na intanet ɗin shi ake ce wa CS50x. Lakcar da za ka kalla ita ce dai wadda aka yi wa ɗalibansu a zauren Sanders, ba wata ta daban aka shirya wa 'yan waje ba, kana jin tambayoyin ɗaliban da dariyarsu. Kowane sati akwai lakca guda wadda takan kai awa biyu ko ta wuce, da gajerun bidiyoyi na ƙarin bayani, da rubutaccen not, sai kuma asaimen, kuma a asaimen ɗin nan duk maganar take, zan zo kai.

Ni na fara ne a 2022 lokacin dogon yajin aikin ASUU, wanda ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas muna gida. Lokacin ina aji biyu, kuma na ci kwas ɗin kodin na makaranta da maki mai kyau. Abin da ya tura ni, wani abokina da ke karanta kimiyyar sinadarai ne ya zo gidanmu ya ce tunda kai ɗan kwamfuta ne ka rubuta min ɗan abin da zai riƙa lissafa min jipiye ɗina. Na buɗe laftof na zauna gaban farin shafi, na san sunan komai, na san menene lup, wato maimaita umarni, na san menene fankshin, wato guntun kod mai aiki ɗaya da ake kira da suna, in a takarda ne zan cika maka shafi biyu da ma'anarsu, amma in haɗa su su zama abu mai aiki wallahi ban san ta ina zan kama ba. A makarantarmu a takarda muke rubuta kod a jarrabawa, firaktikal kuma mu da yawa muke taruwa a kan kwamfuta ɗaya, mai riƙe da kibod shi kaɗai yake koyo. Ranar ban yi barci da daɗi ba. Shekara biyu iyayena na biyan kuɗi, abin ya tsaya min a rai sosai.

Satin farko, wanda su suke kira sati na sifili saboda kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, da Scratch ake yi, wannan manhajar ta MIT da ake jan ɓangarori masu launi ana liƙawa. Da yawa suna raina shi su tsallake, kada ka tsallake. A lakcar ne Malan yake ɗauko ƙaton littafin lambobin waya ya ce a nemo suna ɗaya, in shafi shafi za ka bi a littafi mai shafi 1,000 za ka iya buɗawa sau 1,000, amma in ka buɗe tsakiya ka ga sunan yana gaba ko baya sai ka yaga rabin ka jefar, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, wajen sau 10 ka iso. Yagawa yake da gaske a gaban mutane. Abin da ya fi kama ni shi ne da ya ce ko a ninka littafin ya koma shafi 2,000, mataki ɗaya tak ya ƙaru. An taɓa rubuta mana logaridim ɗin nan a allo na kwafa na haddace, amma sai a ranar na ga abin da yake nufi da idona.

Daga nan sai yaren C, kuma a nan ake fara rabuwa da mutane. Asaimen ɗin farko da ya riƙe ni shi ne Mario, a ce ka tambayi mutum tsawo daga 1 zuwa 8 sannan ka zana masa dala da alamar #, kamar dalar gyaɗa amma rabi, ta jingina dama. A ido kamar wasan yara. Na kwana biyu a kai. Sai da na ɗauko takarda na zana layukan na ƙirga da yatsa, in tsawon 8 ne layin farko fili bakwai # ɗaya, layi na biyu fili shida # biyu, sannan na gane cewa lup ne a cikin lup kuma adadin filin yana da alaƙa da lambar layin. Ba wanda ya faɗa min, ni na gano, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa a cin jarrabawa ba.

To a nan zan tsaya in daɗe, domin in aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya sa nake yaba kwas ɗin nan ba lakcar ba ce duk da kyanta, wani ɗan abu ne da ake kira check50. Ka gama rubuta kod ɗinka, kana ganin ya yi, sai ka buga umarnin check50 a ƙasa ka danna, ya ɗauki aikinka ya gwada shi ta hanyoyi daban-daban, cikin ɗan lokaci ya jero maka sakamako. Inda ka dace koren rubutu da fuskar murmushi, inda ka kuskure jan rubutu da fuska a murtuke, ya kuma gaya maka abin da ya sa ran gani da abin da naka ya fitar. Na tuna a Mario ɗin komai ya yi kore sai layi ɗaya ja, wai in mutum ya rubuta 9 ko ya rubuta -1 kamata ya yi a sake tambayarsa, nawa kuma wucewa kawai yake. Ban taɓa tunanin wani zai rubuta -1 ba. Wannan jan layin shi ya fara koya min cewa kod ba a rubuta shi don mai hankali kawai, sai ka yi tunanin duk abin da ɗan Adam zai iya dannawa. Kuma ƙarfe biyun dare ne fa, ba malami a kusa, amma an duba min aikina nan take an ce ga inda ka ɓata, je ka gyara ka dawo, ko sau ɗari ne ba zai gaji ba. Akwai ɗan'uwansa style50 da ke duba tsaftar rubutun, inda ka cusa layi ko ka manta tazara, sai submit50 na miƙa aiki.

Ina so a fahimce ni, ba malamanmu nake zagi ba. Mutum ɗaya da ɗalibai ɗaruruwa a aji, ta yaya zai zauna duk sati ya gwada kod ɗin kowa ya dawo masa da gyara, ba zai yiwu ba, shi ya sa ake komawa takarda. Amma sakamakon shi ne sai ka rubuta abu a jarrabawa, bayan watanni ka ga maki a allon sanarwa, ba ka san wane layi ne daidai wane ne kuskure ba, ko ma kod ɗin zai tashi in an saka shi a kwamfuta. Gibin da check50 ya cike min ke nan. Kullum ina cewa da dipatmen ɗinmu za su samu wani abu mai kama da shi ko da na kwas ɗaya ne a aji ɗaya, da an ga bambanci a yaran da ke fitowa.

Da yawa daga cikin asaimen ɗin kashi biyu ne, na sababbin shiga da na waɗanda hannunsu ya ɗan faɗa, kai za ka zaɓa. A satin farko na C na yi duka biyun, Cash na lissafin canji da Credit mai duba lambar katin banki. Credit ɗin ya burge ni, ashe lambobin katin nan ba haka kawai aka jero su ba, akwai lissafin wani injiniyan IBM mai suna Hans Peter Luhn a ciki, ka fara daga lamba ta biyun ƙarshe kana tsallake ɗaya kana ninkawa biyu, ka tara lambobin sakamakon ɗaya ɗaya, ka haɗa da sauran, in jimlar ta ƙare da sifili to lambar ta tsaru. Visa da 4 take farawa, Mastercard ɗin da suka bayar daga 51 zuwa 55, American Express 34 ko 37. Tun daga lokacin in na ga shafi ya ce lambar kati ba daidai ba ce tun kafin ya tuntuɓi banki na san abin da ya faru a ciki.

Sati na uku akwai Tideman, wanda duk wanda ya yi kwas ɗin ya san sunansa. Tsarin zaɓe ne da masu jefa ƙuri'a ke jera 'yan takara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a gwada su biyu biyu, a riƙa kulle nasarorin daga mafi ƙarfi, amma kada a kulle wadda za ta sa a yi zagaye, wato wane ya kayar da wane, wane ya kayar da wane, na ƙarshen kuma ya dawo ya kayar da na farko. Gano zagayen nan shi ne wahalar, sai fankshin ya riƙa kiran kansa da kansa. Sati biyu na yi, har na ajiye shi na yi Runoff, na sababbin shiga a satin, na wuce gaba sannan na dawo. Shawarata in shi ne karonka na farko ka yi Runoff ka wuce, ba dole ba ne, na ga mutane da yawa da suka bar kwas ɗin gaba ɗaya a kan Tideman alhali ba sai da shi za a ba su satifiket ba.

Sati na huɗu shi ne zuciyar kwas ɗin a wurina, satin memori. Tun farko suna ba ka wasu kayan sauƙi a cikin cs50.h, kamar get_string, kana amfani da string, wato jerin haruffa, hankalinka kwance, sai a satin nan Malan ya ce to ku sani babu wani abu wai shi string a C, mu muka ƙirƙira muku, ainihinsa adireshi ne na harafin farko a memori, kwamfuta tana bi harafi harafi har ta ci karo da sifilin da ke nuna ƙarshe. Fointa ke nan, abin da 'yan ajinmu suke gudu kamar wuta. Ya kawo kofi biyu da ruwa mai launi daban-daban ya ce wani ɗalibi ya musanya su, ba hali sai da kofi na uku, daga nan ya nuna me ya sa fankshin ɗin musanya ba ya aiki in kwafi ka ba shi maimakon adireshi. A satin ne kuma za ka saba da ganin segmentation fault, wato ka taɓa memorin da ba naka ba, ba wani dogon bayani, shirin ya mutu kawai.

Asaimen ɗin Recover kuwa har yau ina ba da labarinsa. Za a ba ka fayil ɗaya, card.raw, kwafin katin memori ne da aka goge hotunan ciki, a ce ka dawo da su guda 50. Sirrin shi ne goge hoto ba ya share shi, mantawa kawai ake da inda yake, kuma kowane hoton JPEG da alama ɗaya yake farawa, 0xff 0xd8 0xff, katin kuma a yanke yake gida gida na bayit 512. Sai ka riƙa karanta gida ɗaya ɗaya, in ka ga alamar ka buɗe sabon fayil ka fara zubawa, har ka sake ganin wata. Kwana uku ina samun hotuna rabi a lalace, ko fayil ɗaya ƙato da ba ya buɗuwa, ashe ba na rufe na baya kafin in buɗe sabo. Daren da na gyara an ɗauke wuta, ina zaune a tsakar gida saboda zafi, batir saura kaɗan, na danna sai ga su sun jeru a gefe, 000.jpg har 049.jpg, na buɗe na farko fuskar mutum ta fito tsaf. Na ce Allahu Akbar da ƙarfi har Umma ta leƙo ta taga ta ce lafiya. Washegari na tara ƙannena mata na ce daga yau kada wadda ta sayar da waya ko ta ba wani katin memori don kawai ta danna gogewa, na ga da idona yadda ake dawo da su.

Sati na biyar Speller, mai duba kuskuren rubutu da ƙamus na kalmomi 143,091 da za ka loda a memori da tsarin da kai ka gina. Na fara da raba kalmomin gida 26 bisa harafin farko, ya yi aiki amma a hankali, na ƙara gidajen na canza lissafin rabon sai lokacin ya sauko a gabana. Sannan valgrind, mai duba yadda kod ɗinka yake amfani da memori, ya ce na karɓi memori ban mayar ba, ya nuna min layin. Bayan wannan wahalar sai a kai ka Python a sati na shida, ka ga Malan ya sake rubuta ƙamus ɗin nan a 'yan layuka, amma kuma ya gwada ya nuna maka na C ya fi gudu. Masu cewa me ya sa ba a fara da Python ba tunda ya fi sauƙi, ni ban yarda da su ba, wanda ya gina abin da hannunsa a C shi ya san abin da Python ke ɗauke masa.

SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, a sati na bakwai, da Fiftyville wanda shi ne mafi daɗi a duka, an sace agwagwar roba ta CS50 ranar 28 ga Yuli a titin Humphrey, an ba ka rumbun bayanan garin, rahoton 'yan sanda, hirar shaidu, motocin da suka fita daga gidan burodi, cire kuɗi a ATM, kiran waya, jiragen sama, ka gano ɓarawon da garin da ya gudu da wanda ya taimaka masa. Ba zan faɗa ba. Sai HTML da CSS da JavaScript na gina shafin intanet, sai Flask, kayan gina shafi da Python, da asaimen ɗin Finance inda kake gina shafin sayen hannun jari da dala 10,000 ta wasa.

Yanzu inda ya gaza, ko in ce inda bai dace da mu ba sosai. Na farko Turanci, Malan yana da sauri ƙwarai, kamar ana binsa, wanda kunnensa bai saba da Turancin Amurka ba zai sha wahala a farko. Ni rage gudun bidiyon na yi zuwa 0.75 na kunna rubutun ƙasa, bayan sati uku kunnena ya buɗe na mayar daidai. Na biyu misalan nasu ne, tsabar kuɗin Amurka na 25 da 10 da 5 da 1, hannun jari, wasannin da ba mu taso da su ba, ba matsala ce babba ba amma wani lokacin sai ka fara fahimtar misalin kafin ka fahimci tambayar. Na uku data da netwok. Inda ake rubuta kod ɗin VS Code ne a cikin burauza ta asusun GitHub, yanzu adireshin cs50.dev ne, alherinsa shi ne ba ka buƙatar babbar kwamfuta, tawa 'yar gwanjo ce mai ram 4 kuma ta kai ni har ƙarshe, kuma ko wuta ta ɗauke aikinka yana nan a ajiye. Amma in netwok ya tafi kai ma ka tsaya, akwai ranakun da na zauna da amsar a kaina ba halin gwadawa. Lakcocin da dare nake sauke su da datar dare a ƙaramin inganci, in kalla da rana, inda rubutun allon bai fito ba in duba not. Masu tambayar waya kuma, kallo da karatun not za ka iya da waya, amma rubuta kod a kan gilashin waya azaba ce, ka nemi laftof ko ta aro ce.

Sannan satuttukan ƙarshe an yi su da gaggawa. C ya samu sati biyar, amma duk harkar gina shafin intanet sati biyu, za ka fito ka san akwai abin amma hannunka bai nuna ba. Suna da wasu kwasakwasan na ci gaba, na Python zalla, na SQL, na gina shafuka da na ƙirƙirarriyar basira, biyun ƙarshen nan Brian Yu ne ya koyar, duk kyauta, sai dai ka san cewa CS50x shi kaɗai ba zai mai da kai mai neman aiki da shi ba.

Tambaya ta uku ke nan, ya fi makaranta ne? A koyar da rubuta kod ga sabon shiga, eh ya fi abin da ni na samu, nesa ba kusa ba, ba zan ɓoye ba. Amma kwas ɗaya ne na simesta ɗaya, su ma can 'yan farawa ake yi wa. Babu lissafin da ake mana a ciki, babu diskirit, babu zurfin yadda ake gina kompaila ko manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ko sadarwar netwok, waɗannan a aji uku da huɗu na same su wurin malamanmu kuma wasunsu sun san abin sosai. Ina jin takaici in na ga yaro ya yi sati uku a CS50 ya fara cewa digiri ɓata lokaci ne. Abin da ya faru da ni shi ne da muka koma bayan yajin aiki aka zo kwas ɗin tsara bayanai, malam yana zana akwatuna da kibiyoyi a allo, rabin aji sun yi shiru, ni kuwa na riga na gina abin nan na ga ya fashe na gyara, sai tambayoyina suka canza, har malamin ya tsayar da ni bayan lakca ya ce a ina ka taɓa yin wannan. Kwas ɗin ne ya sa na fara cin moriyar makarantar da nake ciki.

Furojet ɗin ƙarshe kai za ka zaɓi abin da kake so, ka yi bidiyon da bai wuce minti 3 ba kana nuna shi. Umma uwar adashe ce a unguwarmu, a littafin makaranta take rubuta zubi, sai na ce zan yi mata ɗan shafi da Flask da SQLite mai nuna wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba da wadda ɗauka ya zo kanta. Na gama ina murna na kai mata, ta sa tabarau ta duba ta duba, sai ta ce to masu hannu biyu fa ina ka sa su? Na ce Umma wane hannu biyu? Ta ce ai akwai mai zubi biyu ta ɗauka sau biyu, akwai ma biyun da suka haɗa hannu ɗaya suke rabawa. Ni kuwa na tsara teburin ne kowace mace layi ɗaya ɗauka ɗaya. Sai da na rushe tsarin na raba teburin mata daban na hannuwa daban, na haɗa su yadda aka koya mana a satin SQL, sati guda ya ƙara ci min. Wannan kam check50 ba zai kama maka ba, sai ka zauna da mai abin.

Maganar satifiket, in ka samu aƙalla kashi 70 cikin ɗari a kowane aiki har da furojet, CS50 da kansu za su ba ka kyauta, ko kwabo ban biya ba. Akwai wani na edX da ake biya da dala, ni ban ga dalilin da ɗalibi a nan zai matsa wa kansa a kai ba, karatun ɗaya ne. Kuma don Allah, amsoshin nan duk suna yawo a intanet, dokar kwas ɗin ta hana kwafa kuma ta hana ba wa ChatGPT ya yi maka, amma ko ba doka, in ka kwafa ka samu takardar ka dawo inda na tsaya a gaban farin shafin nan ne. Haka wanda yake kallon lakca kawai yana jin daɗi bai taɓa asaimen ba, gani ba ci ba ne, na san mutum uku da suka kalli duka bidiyoyin amma Mario ya gagare su.

In za ka yi, lokacin da ya fi shi ne dogon hutu bayan aji ɗaya, ko ma kafin ka shiga jami'ar in kana jiran admishan. Kada ka ɗaura wa kanka sati goma, ni wata shida na yi ina tsayawa ina ci gaba, kuma ka samu aboki ɗaya ku riƙa tattauna dabara ba musayar kod ba. Suna sabunta kwas ɗin duk shekara, don haka wasu asaimen ɗin za su iya bambanta da nawa. A 2023 sun ƙara agwagwa mai ƙirƙirarriyar basira da za ka yi wa tambaya, lokacina babu ita, a wurin ƙanwata na gan ta, ita ma kwamfuta sayans take yi yanzu. Na zauna na gwada ta in ga ko za ta zubo amsa, ba ta yi, tambaya take mayar maka ta nuna maka wajen da za ka duba, wannan ya kwantar min da hankali. Ƙanwar tawa yanzu tana kan Recover, jiya da dare ta kira ni ta ce Yaya hoto ɗaya kawai yake fitowa kuma ba ya buɗuwa, ka duba min mana. Na ce ba zan duba ba, ki ɗauko takarda ki rubuta min abin da ya kamata ya faru da tsohon fayil a daidai lokacin da kika ga sabuwar alama. Ta yi shiru, can ta ce bari in sake gwadawa, ta kashe wayar.